Katin da Sammani Ya Kife

Ranar da Muhsina ta fara ganin Suhaibu, a zaune ta same shi a wurin da ba a zama.

Ta fito ne daga gida bayan la'asar, ɗauke da butar shayi da kofuna huɗu a faranti, ta bi ta tsakanin albasa zuwa rumfar kakanta Malam Hambali, can ƙarshen garka inda kanal ya yi kwana. A rumfar akwai teburin katako da kututture huɗu. Uku suna da masu su. Na huɗun, wanda ya ba ruwa baya, duk ƙauyen nan na gefen Kura babu mai ɗora ko ƙafarsa a kai. Ko a tsakiyar bazara, ƙasa tana tsagewa don zafi, in ka taɓa shi sai ka ji damshi.

To a kansa ta tarar da wani dogon saurayi ya baje, hannu duk baƙin mai, yana goge sifana da tsumma. Saura kaɗan farantin ya suɓuce mata.

"Malam, tashi daga nan!" ta faɗa, ko sallama ba ta yi ba.

Ya ɗago ya dube ta. Ya ɗan daɗe yana duban, fiye da yadda ya kamata, sannan ya yi murmushi.

"A Bunkure sannu ake fara yi wa baƙo, amma kowane gari da al'adarsa."

Kunya ta kama ta, ta juya wajen tsofaffin. Kakanta ya ƙura wa saurayin ido, bakinsa a ɗan buɗe. Abokinsa Malam Baballe kuwa carbin hannunsa ya tsaya cak. A daidai lokacin iska ta ɗauke, ciyawar bakin ruwa ta daina motsi, har kana jin ɗigar mai daga injin da aka kwance.

"Ƙyale shi, amarya," in ji Kaka a hankali. Haka yake kiranta tun tana goye, irin wasan kaka da jika. "Ya riga ya zauna. Zuba masa shayin."

Kofi na huɗu, wanda kullum ake cikawa a bar shi ya huce a zubar, ranar ya samu mai sha.

Rashin sani ya fi dare duhu. Shi Suhaibu gyaran injin ban-ruwa ya kawo shi, bai san komai a kan rumfar ba. Muhsina kuwa a cikin labarin ta girma.

Lokacin da turawa suka zo haƙa kanal, Kaka yana saurayi, aka ɗauke shi tare da amininsa Sammani suna buɗe ƙofar ruwa suna rufewa. A wurin turawan suka koyi wani wasan karta da ake kira birij. Ba caca ba ce, ko ƙwandala ba a sawa, amma in wasan ya kama mutum ya fi goro wuyar bari. Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Katunan iri huɗu ne, su Kaka suka raɗa musu sunan abin da suka sani: albasa, zogale, tumatir da tattasai. Da farko ana tayi kamar a kasuwa, kowa ya kira irin da yake da ƙarfi a ciki. Wanda tayi ya faɗa masa, abokinsa zai baje katunansa a tebur ya yi gum, ba magana ba motsi har a gama. Shi ake ce wa gawa. Amma kafin gawa ta baje, sai ɗaya daga abokan hamayyarsu ya buɗe wasa da katin farko, a makance. A kife yake fara ajiye shi, sannan a juya.

"Katin farko ƙofar ruwa ce," Kaka yakan ce. "In ka buɗe, ba ka kiran ruwa ya dawo. Kuma shi ne maganarka ta farko da abokinka."

A nan rigimarsa da Sammani take. Ƙa'ida ita ce ka buɗe da irin da abokinka ya kira. Sammani kuwa taurin kai ne da shi kamar dutse. Ko Kaka ya kira tumatir har muryarsa ta dishe, shi sai ya zaro ƙaramin kati daga irin da ya fi yawa a hannunsa, ya ce, "Ruwa ya tafi."

Wata rana, tun ba a haifi Muhsina ba, an gama tayi, Sammani yana zaɓen kati, Kaka ya fusata tun kafin ya ga abin da zai ajiye. Ya ce, "Kai dai har ka mutu ba za ka taɓa amsa kirana ba." Sammani bai tanka ba. Ya kife katinsa a tebur ke nan, sai ga ihu daga wajen ƙofar ruwa, wata mai wanki ta zame ta faɗa. Ya ruga ya bi ta, ya turo ta gefe aka cafe ta, shi kuma ruwan ya ja shi ƙarƙashin ƙofa.

Ba a ƙarasa wasan ba. Kaka ya ɗaure katunan kowa daban ya zuba a gwangwani, har da wanda aka kife, mai shatin babban yatsan Sammani na laka a bayansa. Bai taɓa juya shi ba. Da na huɗunsu, abokin wasan Malam Baballe, shi ma ya rasu, Muhsina ta gaji kututturensa tun tana firamare. Su uku suke wasa da sabuwar karta, wurin Sammani kuwa kullum shi ne gawa.

Injin da aka gyara ranar Litinin, ranar Laraba sai ga Suhaibu ya dawo a kan babur, wai tun daga Bunkure yake jin yana wata ƙara. Muhsina ta sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi. Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum. Mai gyaran inji ne, wanda aka kora daga kan kututture. Har yanzu ban warke ba."

"Wa'alaikumussalam. Wa ya ba ka lambata?"

"Malam Baballe. Na gyara masa rediyo, ya rasa abin da zai biya ni da shi."

"To Allah ya ba ka lafiya, Injiniya."

"Amin. Amma maganin yana hannunki. Ina so ki koya min wasan nan naku. Gaskiya ba don katin ba, don mai zuba shayin."

Ta karanta saƙon ya fi a ƙirga. A gaskiya tun ranar farko ya shiga ranta, kuma ba ta yi wani ƙoƙarin fitar da shi ba.

Daga nan makaranta ta buɗe a waya. Ta koya masa tayi, ta koya masa lissafin katunan da suka fita, shi kuma ya sa mata suna Malama. Duk yamma yana rumfar, a kan kututturen da ba a zama, yana fuskantar Kaka. Wasa ya cika mutum huɗu. In ta miƙa masa shayi yakan ce a hankali, "Allah ya bar min ke, Malamata," ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Sai dai ta san mahaifinta. Malam Badamasi dillalin albasa ne, mutum mai kaifi ɗaya, wanda ko sunan karta ba ya son ji. Yana haƙuri da rumfar ne kawai don ta mahaifinsa ce. Abu guda ta sani, ba ya tsallake maganar Kaka. Hanyar zuciyar Kaka kuwa ɗaya ce, ta kan Sammani ta bi. Sai dabara ta zo mata, irin dabarar da mai ita yake ganin ya fi kowa wayo.

"Injiniya, gobe in buɗewa ta faɗo kanka, kada ka bi kiran Kaka. Duba irin da ya fi yawa a hannunka ka zaro ƙarami. In za ka ajiye ka ce, ruwa ya tafi. Zai tuna amininsa ya yi dariya, ka ga ka shige ransa ke nan."

"An gama, Malamata. Ko kanal kika ce in faɗa, zan faɗa."

"Kul! Kada ka sake faɗin wannan maganar."

Washegari Kaka ya kira tumatir, tayi ya faɗa wa Malam Baballe, buɗewa ta zo kan Suhaibu. Ya duba hannunsa, ya zaro ƙaramin zogale. Kafin ya ajiye, sai ya buga gefen katin a gwiwarsa ta hagu, ƙwas, ƙwas, sannan ya kife shi.

"Ruwa ya tafi."

Babu wanda ya yi dariya. Malam Baballe ya fara salati a ƙasan maƙoshi. Wani wari na laka, irin ta ƙasan ruwa, ya ratso rumfar, alhali ƙasa a bushe take. Kaka ya ajiye katunansa, ya dubi Suhaibu kamar yana hango wani a bayan fuskarsa.

"Ka dawo ke nan," ya ce. "Ka daɗe."

Tsigar jikin Muhsina ta tashi. Maganar ita ta koya masa, zaɓen katin ma ita ce. Bugun gwiwar nan kuwa ita kanta ba ta taɓa jin labarinsa ba. A hanyar gida Malam Baballe ya shaida mata haka Sammani yake yi, a gwiwar hagu, duk lokacin da zai buɗe wasa.

"Me ya sa ka buga katin a gwiwa?" ta rubuta masa.

"Na buga? Wallahi ban san na yi ba."

Garin neman gira aka rasa ido. Daga ranar Kaka ya daina kiran Suhaibu da sunansa, sai Sammani. Ya daina cin abinci, sai kurɓar ruwa. Ya sa aka ciro masa likkafaninsa daga akwati aka shanya a igiya, yana kaɗawa fari fat a tsakar gida, mata suna kewaye shi. In almuru ta gabato sai a neme shi a rasa.

Wata yamma Muhsina ta bi sawunsa har ƙofar ruwa. Ta same shi tsaye a kan siminti, yatsun ƙafarsa a bakin gaɓa, yana kallon inda ruwan yake murɗawa ya shige ƙasa. Balbelu sun jeru a ɗaya gefen, ko ɗaya ba ta motsi.

"Kaka, me kake kallo?"

"Ya zo ɗaukata, amarya. Na gaya masa maganar da ba a gaya wa amini, ga shi ya dawo mu ƙarasa."

Ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu ta ja shi baya tana kuka. Bai yi gardama ba, amma har suka isa gida yana waiwaye.

Zance kuwa ya riga ya zaga gari. Ibrahimu, ɗan mai injin casar shinkafa, wanda ya daɗe yana aiko wa Muhsina turare tana mayarwa, shi ya ɗauki maganar ya kai ta kowace majalisa. Wai mutanen ruwa sun shige baƙon nan, wai in ka duba sawun ƙafarsa a jiƙe yake. Manoma suka daina kiran Suhaibu gyara. In an ji ƙarar babur ɗinsa, mata sai su janye 'ya'yansu cikin gida.

A haka kawun Suhaibu ya zo daga Bunkure neman izinin auren Muhsina. Malam Badamasi ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya sallame shi da kalmar haƙuri. Bayan tafiyarsa Muhsina ta durƙusa a gaban mahaifinta, Kaka yana kwance a tabarma gefe, ta fayyace komai, har saƙonnin ta nuna.

"Baba, ni na koya masa. Laifina ne, shi bai san komai ba."

"Ni ban yarda matacce yana dawowa ba," in ji Malam Badamasi, muryarsa a dake. "Amma ba zan ba da 'yata ga ɗan karta ba, wanda gari yake nunawa da baki, wanda zuwansa ya sa mahaifina ya shanya likkafani. Ke kuma kin ba ni kunya."

Daga kan tabarma Kaka ya yi magana, idonsa a rufe.

"Amarya, bugun gwiwar ma ke kika koya masa?"

Ta girgiza kai.

Kaka ya tashi zaune da ƙyar. Ya ce a ɗauko gwangwanin. Zai mayar da katin da Sammani ya kife cikin 'yan uwansa, a ba yaron hannun gaba ɗaya, a maimaita masa tayin ranar, ya buɗe wasa. Shi fuskar katunan kawai zai gani, na zaune a gabansa su ke ganin baya. In ya zaro mai shatin laka, to Sammani ne, kowa ya haƙura.

"In ya zaro shi, Malam, ko hanyar gidan nan kada ya sake bi," in ji Malam Badamasi.

"In kuma bai zaro ba, ka ba shi matata, ni na sake ta."

Malam Badamasi ya ce ya ji.

Ranar da aka sa, tun hantsi Muhsina take riƙe da waya, ta rubuta ta goge. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon ta ga kamar hanyar a fili take.

"Injiniya, ka manta da duk abin da na koya maka. Ranar nan tumatir Kaka ya kira, Sammani kuwa bai taɓa bin kiransa ba ko sau ɗaya. Ka ajiye tumatir, shi ke nan mun tsira. Ka yafe min, ni na jefa ka cikin wannan."

"Babu komai tsakaninmu sai alheri, hasken idona. Na ji. Amma Malama, yaushe za ki bar ni in buɗe wasa da kaina?"

"Bayan an ɗaura."

"Allah ya kai mu. Ko me ya faru yau, ki sani ban yi nadamar zama a kan kututturen nan ba."

Bayan la'asar aka hallara. Mutanen gari sun tsaya nesa-nesa a kan gaɓar kanal, har da Ibrahimu, babu mai son matsowa. Malam Badamasi ya tsaya a bayan mahaifinsa, hannu a harɗe. Murfin gwangwanin ya yi tsatsa, sai da Suhaibu ya sa sukudireba. Da ya buɗe, warin lakar nan ya sake tasowa.

Aka sa shi ya juya baya. Kaka ya cusa katin a tsakiyar ƙullin Sammani ba tare da ya leƙa ba, ya ɗaga su ya danƙa masa a hannu, fuskarsu tana kallonsa. Malam Baballe ya karɓi nasa tsohon hannun. Muhsina aka ba ta na marigayin da ta gada, wanda ranar shi ne gawa. Ita ce ba magana, ba motsi.

Malam Baballe ya maimaita tayin kamar jiya aka yi. Hambali ya kira tumatir, shi Baballe ya ɗaga da albasa, tayi ya faɗa masa. Saura buɗewa.

Daga inda take zaune Muhsina tana ganin bayan katunan a jere cikin hannun Suhaibu, sun yi ja don tsufa. Ga shatin yatsan nan, wajen dama, baƙi-baƙi, har zanen fatar yatsan ana gani. Suhaibu ya fara bin katunan da ɗan yatsansa daga hagu. Ya wuce na farko, ya wuce na tsakiya. Ta san tumatir yake nema, yadda ta umarce shi, ta fara sauke ajiyar zuciya.

Yatsan bai tsaya ba sai a kan mai shatin laka.

Ƙarar ruwan ƙofa, wadda tun haihuwarta ba ta taɓa jin ta yi shiru ba, ta neme ta a kunnenta ta rasa. Ya kama katin, ya fara zaro shi, ya fito rabi. Tana son ta yi ihu, tana son ta yi ko tari ne, amma idon mahaifinta yana kanta, kuma gawa ba ta magana. Hawaye ya gangaro mata, ba ta iya ko sharewa ba. Kaka ya rufe ido, leɓensa yana motsi.

Suhaibu ya tsaya. Ya dubi yatsunsa, ya murza su a hankali. Bai kalli Muhsina ba, bai kalli kowa ba. Ya tura katin ya koma mazauninsa, ya tsallaka can ƙarshen hannun, ya fizgo wani ya kife a tebur.

"Bismillahi," ya ce. "Wannan nawa ne."

Bayansa fes, babu laka. Malam Baballe ya miƙa hannu ya juya shi. Sarkin albasa ne.

Kaka ya buɗe ido ya leƙa. Ya sake leƙawa.

"Kai, yaro, albasa nawa gare ka?"

"Shi kaɗai ne, Kaka."

"Shi kaɗai! Baballe ya kira albasa, babban katin da ya fi sarki yana hannunsa, ka ɗauki sarkinka tilo ka kai masa har mahauta?" Muryar da aka kwana biyu ba a ji ba ta dawo garau. "Wallahi Sammani ko zazzaɓi yake ba zai yi wannan shirmen ba! Wannan ba Sammani ba ne, Badamasi, wannan wani sakarai ne daga Bunkure!"

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Malam Baballe ya kama, ta bazu har kan gaɓa, inda waɗanda ba su san ko albasa daga zogale ba suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Malam Badamasi ya juya fuska yana gyara hula, amma an ga kafaɗarsa tana motsi. Ƙarar ruwa ta dawo kunnen Muhsina. Ba ta taɓa sanin za ta ji daɗin a kira masoyinta sakarai ba sai ranar.

Da dariyar ta lafa, Kaka ya share ido ya ce, "Amma ka fara kama wani. Me ya sa ka mayar?"

Suhaibu ya sunkuyar da kai.

"Shi na yi niyya, Kaka. Da na taɓa shi sai na ji sanyi, kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa. Kuma na ji kamar wani ya riga ni riƙewa. Sai na ga ba nawa ba ne, bai kamata in ƙwace wa mai shi ba."

Kaka ya miƙa hannu, Suhaibu ya zaro katin ya kife masa a tebur, a daidai inda aka taɓa kife shi. Tsohon ya ɗora yatsansa a kan shatin yatsan amininsa, ya daɗe a haka. Sannan ya juya.

Ƙaramin tumatir ne.

Muhsina ta ga fuskar kakanta ta narke. Mutumin da bai taɓa bin kiransa ba, a ranar da aka gaya masa magana mafi ɗaci, ya bi. Amsar tana kife a cikin gwangwani tsawon shekarun nan, tsoro ya hana a duba.

"Ya amsa," in ji Kaka, hawaye yana bin gemunsa. "Baballe, ka gani? Ashe ya amsa kirana tun ranar. Allah ya jiƙanka, Sammani. Allah ya yafe min."

"Amin," in ji kowa, har na kan gaɓa.

Kaka ya ce a mayar wa yaron sarkinsa, a ƙarasa wasan da katin mai shi. Muhsina ta baje nata hannun, aka buga a nutse, Suhaibu yana ajiye katunan Sammani ɗaya bayan ɗaya. Buɗewar tumatir ɗin nan ita ta karya Malam Baballe, tayinsa bai cika ba. Hambali da Sammani suka ci wasansu.

Kaka ya tattara katunan, ya dubi jikarsa.

"Amarya, akwai sauran tuwon shinkafar rana? Yunwa nake ji."

Ta tashi da gudu, mayafinta yana kama ganyen albasa. A bayanta ta jiyo muryar mahaifinta yana cewa, "Kai, Suhaibu. Ka gaya wa kawunka ya dawo. Kartar nan dai, daga rumfar Malam kada in ji ta a wani wuri."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure, ranar Juma'a, a ƙofar gidan Malam Hambali, shi ne waliyyi. Likkafanin ya koma akwati. Mutanen Bunkure suka cika motoci, manoman da suka guji Suhaibu su ne a sahun gaba wajen cin shinkafa, kowa yana cewa shi dama bai taɓa yarda da zancen ba. Kaka ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Na sakar maka matata, ka riƙe ta amana. In ta kira ka, ka amsa da baki, ta ji. Kada ka kife amsar ka tafi."

Da yamma, kafin 'yan kai amarya su taru, Muhsina ta saci jiki ta leƙa rumfar, lalle a hannunta. Ta tsaya a gaban kututture na huɗu, ta yi bismillah, ta ɗora tafinta a kai. A bushe yake, da ɗumin rana a jikinsa.

Wayarta ta yi ƙara.

"Malamata, an ɗaura. Yanzu zan iya buɗe wasa da kaina?"

"Ka buɗe, angona. Ko sarkin albasa ka ajiye, ina bayanka."

"Muhsina."

"Na'am," ta rubuta, ta kuma faɗa a fili, ita kaɗai a bakin ruwa.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu amsa wa masoyanmu tun suna ji.